Kiɗan Turawa ma akwai mai gulma

Assalamu alaikum Malam Edita, ya aiki ya jama'a. Na karanta rubutun wani ɗan'uwa a shafinku na nishaɗi inda yake cewa wai kiɗan Turawa na da, irin mai goge da sarewa ɗin nan, duk na sa barci ne. To ni dai ban yarda ba.

Ni direba ne a nan Jidda. Maigidan da nake tuƙawa dattijo ne, a Ostiriya ya yi karatu, kullum in muka shiga cunkoson Titin Madina da safe sai ya kunna wani kiɗa guda ɗaya, ɗan gajere ne ko minti uku bai cika ba amma wallahi sai ka ji kana kaɗa kai ba ka sani ba. Da na gaji na tambaye shi sai yace sunansa Tritsch-Tratsch, wai ma'anarsa tsegumi, Johann Strauss ƙarami ne ya tsara shi a 1858 bayan ya dawo gida Biyana, babban birnin Ostiriya, daga Rasha inda yake zuwa wasa duk bazara. Polka ake ce ma irinsa, rawa ce mai sauri da ta fito daga Bohemiya, ƙasar Cek ta yanzu. Abin dariya ma baban Strauss ɗin shi ma babban makaɗi ne amma ya ƙi ɗan ya gaje shi, aikin banki ya so masa, mu kuwa a wajenmu ai kiɗa gado ne.

Tunda na san sunan sai kunnena ya buɗe. Goge ya yi ƙus-ƙus, sarewa ta amsa da siririyar murya kamar mai cewa "ke don Allah?", can sai duk makaɗan su kwashe da shewa lokaci guda, sak matan tsohuwar unguwarmu ta Karantina ranar suna. Ko baiti ɗaya babu a ciki amma zance ake yi, kuma mu da muka tashi muna jin kalangu na kiran sunan mutum ko yana masa habaici ai ba sai an yi mana tafinta ba.

Don Allah ɗan'uwan nan ya nema a YouTube, makaɗan Biyana kan kaɗa shi a bikinsu na 1 ga Janairu. In har ya yi gyangyaɗi kafin ya ƙare, ran da Allah ya kawo shi Umara kabsarsa, shinkafa da naman nan ta Larabawa, na wuyana.

Naku,
Mai karatunku daga Jidda