Littattafan da ka bari a zaure

Ɗana,

Assalamu alaikum. Ina fata kun sauka Ingila lafiya, kai da iyali. Mu nan sai godiya, ban da ƙafar mahaifiyarka da ka sani.

Ƙanwarka ta gaya mini ka bar kwalin nan a zaure, wai kaya sun yi nauyi. Da na buɗe sai ga Magana Jari Ce, duka ukun. Ashe takalma sun samu wuri a jakarka, su ba su samu ba?

Tun 1937 Abubakar Imam ya fitar da na farko a Zariya. Kakanka ya karanta shi a elementare, ni na karanta, na karanta muku. Kai kam tun ba ka iya haɗa baƙi ba kake ɗora yatsa kan zanen aku, kana tambayata me ya sa yake ta jan Musa da labari har gari ya waye. Na ce don kada ya fita ya faɗa tarkon Waziri. Zanen ko launi babu, amma shi ya ja ka zuwa ga rubutun da ke gefensa, har ka daina jirana.

Maganar takwarana ce ta hana ni barci. Ran nan a waya na ce masa ina kwana, ya yi shiru, ya miƙa wa uwarsa. Tun kuna Legas ke nan, ina ga yanzu? Tsorona ya dawo gidan nan baƙo, sai an yi tafinta tsakaninsa da kakarsa. Ran da na cika, a zo muku ta'aziyya, yana zaune cikin danginsa bai san me ake faɗa ba.

Ka sha cewa na matsa muku da karatun dare gaban fitilar ƙwai. Na matsa, kuma ban yi nadama ba. Kada ka kawo mini zancen makaranta. Turanci ko a titi zai tsince shi. Hausa fa, in ba a bakinka ba, a ina? Wannan sakacin naka ne, kada ka ɗora wa matarka.

Na san hidima ta yi maka yawa, baƙunta kuma ba daɗi. Da na samu mai tahowa zan aiko su. Ka ɗora yaron a cinya, ka bar shi ya kalli zanen ya yi ta tambaya, ko shafi ɗaya ne kafin barci. Ranar Juma'a in an sauko ka kira ni, ka ba shi wayar.

Allah ya yi muku albarka.

Mahaifinka