Zuwa ga Auta, a Zanzibar

Tawa, daren Talata

Auta,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, ke da mai gidanki. Mu nan sai godiya, in ban da zafi da ƙafar babanki da ta motsa. Ƴan biki duk sun watse, gwaggonki ta Ƙonni kaɗai ta rage, ita ce ma ta jawo wannan takarda.

Jiya bayan la'asar ta miƙo mini wayarta tana dariya, wai in ga amarya. Hoton farko kina tsaye kusa da wani ƙaton kunkuru, ni ma na dara. A na biyun gabana ya faɗi. Ga ki zaune a gefen ɗan kwalekwale, hannu cikin ruwa, ba tudu ko ta ina, kuma babu rigar nan mai hana nitsewa a jikinki.

Da kuka ce can za ku cin amarci, ban ce uffan ba. Mu a lokacinmu amarya ko zaure ba ta leƙawa sai ta yi sati, amma na ce zamani riga ne. Ni ce ma na shawo kan babanki, na ce masa ƙasar Musulmi ce, ba za su rasa kiran salla ba.

Shekara 29 na yi ina koyar da labarin ƙasa. Na zana Tekun Indiya a allo ya fi a ƙirga, ban taɓa sa shi a ido ba, amma na san halinsa. Ba tabki ba ne. Sau biyu a yini yake janyewa ya dawo. A gabashin tsibirin, wajen Paje da Jambiani, yakan ja baya da nisa har mata su shiga aikin ciyawar teku da suke nomawa. Baƙo ya ga farin rairayi ya yi ta tafiya, kafin ya waiwayo ruwa ya tare masa hanya. Kuma ban manta da Satumban 2011 ba, a rediyo na ji: jirgin ruwa tsakanin Unguja da Pemba, tsibiran Zanzibar, an yi masa lodin da ya fi ƙarfinsa, ya kife cikin dare da ɗaruruwan mutane. Shekara ba ta zagayo ba, a Yulin 2012, wani ya nitse a hanyar Darussalam. Mutanen da aka haifa a bakin teku ke nan. Ke fa, ɗiyar Adar, da ruwan da kika sani bai wuce na randa ba?

Ki ce na cika tsoro, ai kin saba faɗa. Shekarar da na hana ki bin ƴan ajinku bakin gulbi a Yamai, sati biyu kika yi ba ki kira ni ba. Gadar Kennedy ma da kike hayewa kullum zuwa jami'a, ba ki san addu'ar da nake yi ba. Kina goye ranar tabkin Tabalak. Ba ki ga yadda aka shigo da yayanki ba, ni na gani. Shi ma ai cewa aka yi ruwan bai kai ƙugu ba. To da wace zuciya kika sa hoton nan inda kika san zai iso gidan nan? Babanki bai gani ba, na hana a nuna masa.

Mai gidanki kuwa ba zan yi masa magana ba, akwai kunya. Amma amana aka danƙa masa a gaban shaidu. Ki karanta masa wannan wurin.

Ban ce ku dawo ba. Ku zaga tsohon gari ku ga ƙofofin nan masu sassaƙa, ku je gonakin kayan yaji, ku ci kifi ku ƙoshi. In ya zama dole sai an shiga kwalekwale, ki sa rigar ki ɗaure ta tamau, ko da za ta ɓata hoto. In kun ga an cika jirgi, ku sauka, kuɗin ya bi ruwa.

Kin yi kyau dai, lallen ma bai goge ba. Na sa gwaggonki ta turo mini na kunkurun.

Kuna gabanmu da awa biyu, in kin idar da isha'i ki kira, mu lokacin ko magariba ba mu yi ba. Ki taho mini da kanumfari, na gwaggonki a ƙulle daban, kin san halinta.

Innarki