Rahoton Ayyukan Shekarar 2025 Zuwa Ga 'Yan Ƙungiya

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu dattawan ƙungiya, mai girma Shugaba, Alhazai da Hajiyoyi, da sauran 'yan uwa masu shigo da kaya da masu fitarwa ta tashoshin Legas, har da direbobinmu da yaran shago: ga bayanin abin da kwamitin gudanarwa ya yi daga Janairu zuwa Disamba. Lissafin kuɗi na hannun Ma'aji, shi zai karanta nasa daban ranar babban taro. Nawa na aiki ne, kuma tun yanzu ina neman afuwa, domin magana guda ce ta cinye mafi yawan zaman kwamiti bana, ita ce kuma za ta cinye mafi yawan wannan takarda.

Maganar ita ce komawar takardun fito cikin na'ura.

Wanda ya daɗe a wannan harka ya san zamanin fayil. Mutum ya fito daga Agege da asuba da jakar leda cike da kwafin takardu, ya wuni a Apapa daga wannan tebur zuwa wancan, in ya ci sa'a ya samu sa hannu biyu kafin la'asar. Abin ya fara sauyawa ne a ƙarshen 2013, lokacin da Hukumar Kwastam ta karɓi aikin tantance kaya daga hannun kamfanonin da ke yi mata, ta fara fitar da PAAR, wato takardar tantance kaya kafin isowarsu, da kanta. Daga baya aka yi ta aiki da manhajar NICIS II. A watan Oktoba na 2024 hukumar ta fara gwada tata sabuwar manhajar mai suna B'Odogwu a tashar PTML da ke Tin Can, bana kuma ta bazu zuwa Apapa da sauran wurare, har buɗe Fom M, wato fom ɗin shigo da kaya, da fitar da PAAR suka soma komawa kanta. Duk ɗan ƙungiyar da ya fito da kwantena ko ɗaya a wannan shekara ya gamu da ita, ko ya san sunanta ko bai sani ba.

Sai dai B'Odogwu ta kwastam ce kawai. Babban abin da ke tafe shi ne tsarin taga ɗaya, wanda Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ya ƙaddamar da aikinsa a watan Afrilu na 2024, gwamnati kuma ta ce watanni ukun farko na 2026 take son ya fara aiki. Bari in faɗe shi yadda muka yi wa 'yan uwa bayani a wurin bita. Yau in za ka shigo da kaya, banki na son bayaninka, kwastam na so, NAFDAC na so in abinci ne ko magani, hukumar kula da ingancin kaya ta SON na so in kayan da ke buƙatar takardar ingancinta ta SONCAP ne, hukumar duba lafiyar amfanin gona na so in tsiro ne ko hatsi, ga kamfanin jirgi, ga masu tasha. Kowa kana ba shi abu iri ɗaya a takarda daban. Taga ɗaya na nufin ka shigar da bayanin sau ɗaya tak, duk waɗannan su ɗiba daga wuri guda, amsarsu kuma ta dawo maka ta nan. Ba alfarma ba ce ake yi mana. Alkawari ne da Najeriya ta ɗauka tun Janairun 2017, da ta amince da yarjejeniyar sauƙaƙa cinikayya ta Ƙungiyar Kasuwanci ta Duniya.

Ra'ayin kwamiti, wanda ni ma nawa ne, shi ne ƙaramin ɗan kasuwa ya fi kowa cin moriyar wannan tsari in ya tsaya da ƙafarsa. Babban kamfani yana da ma'aikacin da zai wuni a kowane ofis. Mu ba mu da shi. Duk hannun da aka rage tsakanin mutum da kayansa, an rage masa kashe kuɗi. Amma akwai ɗaya gefen da ba a cika faɗa a taron manema labarai ba: bayanin da aka shigar sau ɗaya kowa ya gani, in da kuskure a cikinsa, kuskuren ma kowa ya gani. Tun ran gini tun ran zane.

Abin da ya sami wani ɗan uwanmu ke nan bayan ƙaramar Sallah, kuma da izininsa nake kawo labarin, sunansa kawai na ɓoye. Ya sayo busasshiyar citta tsagaggiya daga wajen Kachiya, kaya mai kyau, mai saye na jiransa a waje. Kowane kaya a duniya yana da lambar rukuninsa, lambobi shida na farko iri ɗaya ne a ko'ina, mu a yankin ECOWAS ana cika su goma. Cittar da ba a daka ba lambarta 0910.11, dakakkiya ko niƙaƙƙiya kuma 0910.12. Yaron ejan ɗinsa mai yi masa fito, yana cika fom ɗin fitar da kaya na NXP da dare a waya, ya danna ta biyun. Takardar lafiyar kaya ta ce tsagaggiya, takardar farashi ta ce tsagaggiya, na'ura ta ce dakakkiya. Alhaji kuwa ya sa hannu bai duba ba, don a cewarsa shekara ashirin yana fitar da citta bai taɓa sanin tana da lamba ba. A da irin wannan biro ne da magana mai daɗi, an wuce wurin. Yanzu sai an koma banki an nemi gyara, gyaran ya bi layinsa. Kafin a gama jirgin ya tashi. Na same shi da yamma zaune a kan benci kusa da mai shayi, takardun a cinya, yana bin lambar da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗago ya ce min, "Sakatare, yanzu wannan 'yar biyun ce ta zaunar da ni?" Kwana goma sha ɗaya kwantenar ta yi kafin ta samu wani jirgin, ga kuɗin ajiya, ga mai mota na waya. Allah ya rufa asiri mai sayen bai fasa ba.

Wannan ne ya sa muka sauya tsarin bitar da muka shirya. Da niyyarmu lacca ce a zauna a saurara. Muka mayar da ita aiki da hannu. Mun yi zama huɗu: biyu a Agege cikin ajin wata Islamiyya da aka ara mana, ɗaya a Idi-Araba, ɗaya a Mile 12 saboda masu kayan gwari da hatsi da ba sa iya barin kasuwa. Kowa aka ce ya zo da wayarsa da tsofaffin takardun kwantenarsa ta ƙarshe. Matasanmu biyu da ke aiki da masu lasisin fito suka ja ragamar, ba su karɓi ko sisi ba, Allah ya saka musu da alheri. An koya yadda ake karanta PAAR layi-layi, da yadda harajin ECOWAS ya kasu mataki biyar, daga sifili zuwa kashi 5, 10, 20 da 35, da inda harajin VAT na kashi 7.5 ke hawa. An tunatar da masu fitarwa cewa ƙa'idar Babban Banki ita ce kuɗin kayan da ba man fetur ba su dawo gida cikin kwana 180, kuma tunda NXP a na'ura yake, babu zancen an manta.

Amma abin da ya fi girgiza mu a bitar ba ya cikin jadawali. A zaman farko na Agege aka ce kowa ya buɗe imel ɗin da ke haɗe da lambar harajinsa ta TIN. Ajin ya yi tsit, sai ƙarar janareta. Wani dattijonmu, mutumin da ke lissafin kuɗin fiton kwantena a ka kafin kwamfuta ta gama buɗewa, ya ce shi dai ya san wani yaro ne ya buɗe masa a wani shagon kwamfuta a Ijora shekarun baya, yaron kuma tuni ya koma gida. Aka bi ɗaya bayan ɗaya, sai ga shi da yawa daga cikinmu lambar wayar da ke kan rajistar kamfaninsu ta ejan ce, ko ta ɗan da ya tafi karatu, ko layin da ya ɓata tun tuni. Wato duk saƙon da hukuma ko banki za su aiko game da kayan mutum, wani ne zai gani, ba mai kayan ba. Ba muna cewa a daina aiki da ejan ba ne. Doka ta san da su, kuma akwai na kirki da muka yi shekaru tare ba a taɓa jin kanmu ba. Amma ko amininka ne, ba ka ba shi makullin ɗakinka ka kwana a waje. Daga watan Mayu muka ware ranar Asabar a ofis domin gyaran wannan kaɗai, kuma har yanzu ba a gama ba. Masu jan ƙafa sun san kansu.

Hajiyoyi masu shigo da yadi da kayan kicin sun nemi a yi musu zama na daban, an yi, kuma gaskiya sun fi maza zuwa da cikakkun takardu.

Koke-koke sun zo mana da yawa. Mafi yawa a kan ranakun da sabis ke ɗaukewa ne, mutum ya shirya biya na'ura ta ƙi buɗewa, alhali kuɗin kwanan kwantena bai san da wannan uzuri ba, ƙirgawa kawai yake. Mun tattara shaidar waɗanda suka kawo rasit, mun rubuta wa waɗanda abin ya shafa muna neman a riƙa ɗauke wa ɗan kasuwa kuɗin kwanakin da laifin ba nasa ba ne. An amsa ɗaya daga cikin wasiƙunmu, sauran muna jira. Darasin da muka ɗauka shi ne koken baki ba ya zuwa ko'ina. Duk wanda na'ura ta tsayar, ya ɗauki hoton fuskar wayar da kwanan wata da lokaci, ya ajiye.

Sai batun harajin kashi 4 na darajar kaya da dokar kwastam ta 2023 ta tanada. An fara karɓa a Fabrairu, aka dakatar, ya dawo a Agusta, a Satumba Ministan Kuɗi ya sake ba da umarnin dakatarwa. 'Yan uwa da dama sun yanke farashi da abokan cinikinsu na Kano da Kaduna a tsakanin waɗannan watanni, lissafi ya rikice musu. Shawararmu ita ce kar a yanke wa kowa farashin ƙarshe sai takardar biya ta fito. Haka dakatar da fitar da ɗanyen ƙwallon kaɗanya na wata shida da aka sanar a ƙarshen Agusta ya sami wasu da kaya a sito. Mun haɗa biyu daga cikinsu da masu sarrafa man kaɗe a cikin gida, an rage asara, ba a ce an kauce mata ba.

Tawagar kwamiti ta je Seme, iyakarmu da Benin, sau ɗaya. Ofishin haɗin gwiwar da ke kan iyakar, wanda aka buɗe a Oktoban 2018, bana ya samu ƙari: a watan Mayu kwastam ɗin Najeriya da na Benin suka haɗa na'urorinsu ta tsarin SIGMAT na ECOWAS, yadda bayanin kayan da ke ratsawa zai riga motar isa ɗaya ɓangaren. Masu kai kaya Kwatano da Lome su lura, abin da aka rubuta a nan shi za a gani a can, babu sauran takarda biyu. Wanda ya tuna rufe iyakar da aka yi daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 ya san darajar wannan. Direbobinmu dai sun ce mu rubuta a rahoto cewa na'ura ta rage jira a bakin iyaka amma ba ta rage shingayen hanya ba. Ga shi na rubuta.

Game da direbobi, an taimaka wa masu motoci da dama sabunta rajistarsu ta Eto, tsarin kiran mota zuwa tasha da ake aiki da shi tun Fabrairun 2021. Masu ɗaukar kaya daga tashar Lekki sun nemi a duba musu maganar wurin kwana mai tsaro, ba mu kai ga warware wannan ba.

Ambaliyar Mokwa ta ƙarshen watan Mayu ta taɓa mu ta fuska biyu. Hanyar Arewa ta yanke, motocinmu suka yi kwanaki a tsaye, sannan akwai 'yan ƙungiya da suka rasa dangi. An yi karo-karo an aika, Ma'aji zai faɗi adadin. Mun kuma yi rashin 'yan uwa uku bana, an kai wa iyalansu abin da tsarin mulkin ƙungiya ya tanada. Allah ya jiƙansu, ya kyauta namu zuwan.

Abin da ba mu yi ba ma a faɗa. Kwamfutar ofis da aka yi alkawari bara ba a saya ba, har yau ta Mataimakin Sakatare muke ara. Fassarar jerin lambobin kaya zuwa Hausa ta tsaya a kan kayan gona: riɗi, citta, zoɓorodo, ƙaro da kashu an gama, kayan shigowa ba a taɓa ba. Kuɗin wata kuma, ba zan shiga gonar Ma'aji ba, amma ya ce in gaya muku yana da jerin sunaye.

A shekara mai kamawa kwamiti na neman amincewarku kan abu biyu: a ɗauki matashi ɗaya aiki na dindindin a ofis domin duba fom ɗin kowane ɗan ƙungiya kafin a tura, kuma a ci gaba da bita duk bayan wata biyu har tsarin taga ɗaya ya zauna. Za a kaɗa ƙuri'a a kansu ranar babban taro, Lahadi ta biyu a cikin watan Janairu bayan sallar la'asar, a ofishinmu na Agege. Kowa ya zo da katin ƙungiya, da takardar rajistar kamfani, da wayar da layinsa na TIN ke ciki. Wanda layin ke hannun wani, ya taho da mutumin.

Wassalam.

Sakataren Ƙungiya,
a madadin Kwamitin Gudanarwa
Legas, Disamba 2025