Roƙon Tallafi Don Ɗakin Haɗa Na'urori Na Ɗalibanmu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayen yara, tsofaffin ɗalibai, 'yan kasuwar unguwa, da duk mai kishin wannan makaranta, kwamitin iyaye da malamai na gaishe ku, kuma da buƙata muka zo. Muna neman gudummawarku don sayen kayan aiki ga ɗaliban kimiyya da fasaha na babbar sakandare, maza da mata, waɗanda suka daɗe suna zana na'urori a littafi ba tare da sun taɓa riƙe ko ɗaya a hannu ba. Ba gini za mu yi ba. Makaranta ta ba mu tsohon siton da ke bayan ɗakin kwamfuta, an share shi, an yi masa fenti, an sa ƙofar ƙarfe. Abin da za a zuba a ciki ne ya rage.

Da yawa daga cikin iyaye sun tambaye mu wane irin karatu ne wannan. Shi ne haɗa kayan amfanin yau da kullum da intanet ko da layin waya, ta yadda tankin ruwa ko injin ƙyanƙyasa zai iya sanar da mai shi halin da yake ciki, ya kuma karɓi umarni daga nesa. Kowace irin wannan na'ura sassa uku gare ta. Akwai sensa, wadda ke auna zafi ko laima ko motsi ko hayaƙi. Akwai ɗan allon lantarki da bai kai tafin hannu ba, wanda ɗalibi ke rubuta wa umarni a kwamfuta. Sai kuma abin da ke aikatawa: rile, wato makunnin da allon ke sarrafawa, mai kunna famfo, ƙaramin moto mai juya faranti, ƙararrawa, ko fanka.

Wasu daga cikin waɗannan alluna tun asali don ɗalibai aka yi su. Arduino ya fito ne a 2005 daga wata makarantar koyon zane-zanen fasaha a garin Ivrea na Italiya, inda malamai suka ga allunan da ake da su sun fi ƙarfin aljihun ɗalibansu. Raspberry Pi ya biyo baya a 2012 daga Ingila, shi ma don yaran makaranta. A 2016 kamfanin Espressif na Shanghai ya fito da ESP32, wanda ke ɗauke da Wi-Fi da Bluetooth a jikinsa, kuma shi muka fi so a saya domin arha ne, ba ya kuma buƙatar wani ƙarin abu kafin ya hau intanet.

Mun nemi kowane rukuni na ɗalibai ya kawo aikin da zai yi in kaya sun samu, da sharaɗin ya zama matsala ce da suke gani a gida ko a unguwa. Wanda ya fi jan hankalin kwamiti shi ne na tankin ruwa, watakila don babu ɗayanmu da bai taɓa tsallake ruwan da ya malalo daga tankin wani ba. An kawo wuta, an kunna sumo, an manta, tanki ya cika yana ambaliya har kan titi. Wani lokacin kuma akasin haka: an ɗauke wuta, sai a lokacin aka gane tankin babu komai. Yaran suna so su maƙala sensa a murfin tanki, irin wadda ke harba sautin da kunnen mutum ba ya ji, mai kaɗawa sau 40,000 a daƙiƙa, ta jira amsa-kuwwarsa ta dawo daga saman ruwa. Sauti na tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa idan zafin iska digiri 20 ne. Ke nan idan nisan saman ruwa daga murfi mita 2 ne, sautin zai yi tafiyar mita 4 zuwa da dawowa, cikin abin da bai kai kashi 12 cikin 1,000 na daƙiƙa ba. Allon zai lissafa, in ruwa ya kusa baki ya kashe famfo, in ya yi ƙasa ya tura wa mai gida saƙon tes.

Malamin fiziks ya nuna mana wani abu a nan da ya sa muka ƙara yarda da shirin. A zafin Afrilu, cikin baƙin tankin roba da rana ta dake shi, iska na wuce digiri 40, sauti kuma a wannan zafi yana gudun kusan mita 355 a daƙiƙa. Yaron da ya kwafi lissafin wani daga intanet bai gyara ba, awonsa zai kauce da kusan santimita 7 a zurfin mita 2. Dole ya ƙara sensar zafi, ya sake lissafi da kansa. Darasin gudun sauti da ake haddacewa don jarrabawar WAEC, ga shi ya zama abin da in ka yi kuskure a kansa ruwa zai jiƙa maka ƙafa. Haka kuma sensar sautin mai arha, wato HC-SR04, ba ta jure tururin da ke taruwa a ƙarƙashin murfi, sai an sayi 'yar'uwarta mai rufaffen kai. Shi ya sa za ku ga iri biyu a takardar sayayya, ba ɓarna ba ce.

Rukunin 'yan mata na aji biyu sun zaɓi injin ƙyanƙyasar ƙwai, kuma takardarsu ta fi ta kowa tsari. Ƙwan kaza yana buƙatar kwana 21 a zafi kusa da digiri 37.5, a riƙa juya shi sau da dama kullum har zuwa kwana na 18, sannan a daina juyi a ƙara laima don ɗan tsako ya iya fasa ɓawo. Na zabuwa yakan kai kwana 26 zuwa 28. Duk macen da ke kiwo ta san inda asarar take: wuta ta ɗauke da tsakar dare, ƙwai ya huce, ba a sani ba sai ranar da aka fasa aka tarar da mataccen ɗan tsako. Shirinsu shi ne akwatin katako mai aiki da batir da farantin sola, ɗan moto yana karkata farantin ƙwai, in zafi ya sauka ko ya hau ƙararrawa ta yi kuka, saƙo kuma ya shiga wayar uwar gida. Su ne suka ƙi sensar zafi da laima ta DHT11 da aka fara rubuta musu, suka ce awon laimarta ba ya sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, alhali da hunturu iskar garinmu tana bushewa fiye da haka, kuma suna so su riƙa kwatanta iskar ɗaki da ta cikin akwati. Suka nemi DHT22. Ta fi tsada kaɗan, mun amince.

Akwai kuma aikin da muke ganin zai iya ceton rai. Tukunyar gas ta shiga gidaje da yawa, janareto kuma ba sai an faɗa ba. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, idan ya zubo ƙasa yake kwantawa, saboda haka sensarsa kusa da daɓe ake kafa ta. Gubar da ke cikin hayaƙin janareto kuwa ba ta da launi ba ta da wari, ita ce ke kashe iyali suna barci idan an shigo da inji zaure ko an ajiye shi a bakin taga. Sensoshi biyu ne daban, MQ-6 don gas, MQ-7 don wannan guba. Amma mun gaya wa yaran, muna kuma gaya muku: abin da ɗalibi ya haɗa don koyo ne, ba za a kafa shi a gidan kowa a ce ya dogara da shi ya kwana da janareto a cikin gida ba.

Sauran ayyukan za ku gan su a liƙe a allon sanarwa. Wani rukuni zai auna danshin ƙasa a lambun makaranta, famfo ya buɗe da kansa in ƙasa ta bushe, da tunanin masu noman rani irin na Kadawa da ke ƙona fetur suna ban ruwa fiye da buƙata. Wasu za su sa fitilar harabar masallacin makaranta ta kama da magariba ta mutu da safe. Wani yaro kuma ya ce shi randa zai bincika. Yana nufin tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, dabarar da malam Mohammed Bah Abba na Jigawa ya yaɗa har ta ba shi lambar yabo ta Rolex a 2000. Yana so ya rubuta zafin ciki da na waje kowace sa'a, ya ga bambancin da ke tsakanin bazara da damina. Sensa biyu da allo ɗaya ne duk abin da yake buƙata.

Ga abin da muke nema. Allunan ESP32 guda 20 da na Arduino guda 10 don masu farawa, domin a samu ɗalibai uku ko huɗu kan allo ɗaya maimakon aji guda a tsaye ana leƙen hannun malam. Sensoshin da aka ambata, rile, ƙananan famfuna da ƙananan moto masu volt 12, allunan gwaji masu ramuka, wayoyin haɗi, ƙarfen narka dalma, da mitocin awon wuta. 'Yan na'urorin SIM800L masu ɗaukar layin waya, don wuraren da babu Wi-Fi sai saƙon tes. Farantin sola da batir, domin in an dogara da wutar gari rabin darasin jira zai zama. Da kabad mai makulli. Mun ƙara kaso a kan kowane abu saboda wasu za su ƙone. ESP32 da volt 3.3 yake aiki, mai koyo kuma sai ya sa masa 5 a ƙafar da ba ta dace ba. Ba za mu ci tarar yaro don ya ƙona allo wajen koyo ba, kuma gara ku san haka tun yanzu.

Wasu iyaye sun nuna damuwa, kuma damuwarsu tana da tushe. Game da wuta, ba ɗalibin da zai taɓa layin volt 230. Duk aikinsu a volt 12 ne ko ƙasa da haka, ranar da za a haɗa da sumon makaranta kuma ƙwararren mai gyaran wuta ne zai yi, suna tsaye suna kallo. Game da waya, dokar hana shigowa da ita makaranta tana nan daram. Waya ɗaya ce ta ɗakin, a hannun malami take kwana. Za kuma a koya musu tsaro tun makon farko. A watan Oktoba na 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kame ɗimbin kyamarori da na'urorin gida da masu su ba su canza kalmar sirrin da suka zo da ita ba, aka yi amfani da su aka durƙusar da Twitter da Netflix da wasu manyan shafuka a Amurka na tsawon sa'o'i. Na'urar da ke iya kunna famfo daga nesa, wani ma zai iya kunna ta in an bar ta a buɗe.

Ba sai kuɗi ba. Wanda ke da tsohuwar kwamfutar cinya da ke tashi, ko cajar waya, ko batir mai sauran rai, ya kawo. 'Yan'uwanmu masu gyaran waya a Farm Centre da masu kayan wuta a Sabon Gari, Asabar ɗaya ta koyar da riƙon ƙarfen dalma ta fi mana kuɗi amfani. Kafinta zai iya ba mu akwatin ƙyanƙyasa, mai walda ya ba mu teburi. Sai dai muna roƙo kada a kawo mana zakka, domin Alƙur'ani ya riga ya ambaci mutanenta takwas a Suratut Tauba, sadaka da kyauta muke nema.

Farashin waɗannan kaya yana bin dala, don haka takardar farashi tana ofishin shugaban makaranta, ana sabunta ta duk mako. Ma'ajin kwamiti ne kaɗai ke karɓar kuɗi, kuma kada kowa ya bayar bai karɓi rasit ba. Kada a ba ɗalibi ko malami saƙon kuɗi. Duk abin da aka saya za a rubuta shi a littafin kaya, a karanta lissafin shiga da fita a taron iyaye na ƙarshen zango, wanda ya ce a sakaya sunansa za a sakaya. In abin da aka tara bai kai ba, za a fara da sola da kabad da alluna goma, sauran su jira. Ranar rabon sakamako kuma kowane rukuni zai baje aikinsa a harabar makaranta, wanda ya yi aiki da wanda ya ƙi, ɗalibai su yi bayani da bakinsu.

Allah Ya saka wa kowa da alheri, Ya albarkaci zuri'a.

Kwamitin Iyaye da Malamai