Jakar ƙyalle da gorar zoɓo: ƙorafin wata kaka

Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini, in amayar da wani abu da ya tsaya mini a rai tun bazarar da ta wuce. Ni tsohuwar malamar firamare ce. Na fara riƙe alli a 1976, shekarar da aka buɗe shirin UPE na ilimin firamare kyauta ga kowa, na ajiye shi bayan shekara 35. Yanzu ba ni da aikin da ya wuce jikokina tara da keken ɗinkina Butterfly, wanda marigayi maigidana ya saya mini tun ina goyon fari. Har gobe yana aiki, sai dai ya ɗan yi tari in ya kwana biyu bai sha mai ba.

Al'adata ce duk jikan da ya shiga aji uku in ɗinka masa jakar makaranta. Bana layi ya zo kan kishiyata, 'yar wajen ɗana na biyu, mai shekara takwas da bakin tsiwa. Ba yadi na je na yanko a Kantin Kwari ba. Ina da wata tsohuwar adaka cike da ƙyallaye, kowanne na san asalinsa. Na ɗauko ragowar ankon bikin uwarta, da na atamfar da aka fita da ita ranar sunanta, da wani gefen shadda ruwan toka daga rigar kakanta da ba ta taɓa gani ba. Na yayyanka su murabba'i kamar faɗin tafin hannu, na harhaɗa. Daga ciki na sa buhun shinkafa da na wanke tas, don kada littafi ya huda ta, maratayin kuwa na ninka shi huɗu na bi da ɗinki sau uku. Kwana tara na yi a kai, saboda ido ya ja baya. Ita ce ma take zura mini zare a kafar allura, tana yi tana cewa, "Hajiya, ke kam kin tsufa."

Ranar yara ta 27 ga Mayu makarantarsu ta shirya walima, aka ce kowa ya zo da abin sha. Duk wanda ke Kano ya san zafin wannan lokaci, ga wuta ba ta zama. Tun dare na wanke zoɓo sau uku don yashi, na tafasa shi da citta da kanumfari da ɓawon abarba, na bar shi ya kwana a rufe. Da asuba na tace, na markaɗa naman abarbar na zuba, na sa dabino da ɗan sukari kaɗan. Na ɗura a gora sabuwa, na naɗe ta da jiƙaƙƙen tsumma na jingina a gindin randa. Yarinya ta rataya jaka ta ɗauki gora ta tafi tana taƙama.

Da azahar ta dawo, gora ko buɗe ta ba a yi ba, jaka kuma ta cusa ta a ƙarƙashin hijabi. Da ƙyar na ji bakinta. Wai anti ta ce ba a kawo abin da aka haɗa a gida, sai na kwali ko na kwalba. Yaran kuma suka sa mata waƙar mai jakar tsumma.

Washegari na sa mayafina na tafi makarantar. Ba zan ambaci sunanta ba, don shugabar ta karɓe ni da mutunci, har da durƙusawa. Hujjarta ita ce ba su san ruwan da kowane gida ya yi amfani da shi ba, in cikin yaro ɗaya ya ɓaci su za a kama. Wannan gaskiya ce, ban musa ba. Ni ma ina ganin yara suna tsintar gorunan roba a wurin biki da bakin kwata, na kuma san inda wasunsu ke ƙarewa. Masu sana'ar zoɓo da kunun aya, ku ji tsoron Allah ku gyara, ku kuka ja mana wannan. Amma da na tambaye ta ko ta san yawan sukarin da ke cikin abin da suka yarda a kawo, sai ta yi murmushi kawai.

To bari in faɗa a nan. Gorar lemo mai gas ta rabin lita tana ɗauke da sukari wajen giram 50, kusan ƙaramin cokali 12. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ce abin da ya fi ko ga babba shi ne kada ya wuce kimanin cokali 6 a yini. Ita kanta gwamnati, a dokar kuɗi ta 2021, ta ɗora harajin naira 10 a kan kowace lita ta irin waɗannan lemuka. Ni da nake auna sukari da hannuna aka mayar wa gora, aka karɓi wanda ba mai iya rage masa ko ƙwaya.

Abin da ya fi ci mini rai ba dokar ba ce, kallon da ake yi wa abin hannu ne, kamar shaidar talauci. Zoɓon nan da ake rainawa, daga Jigawa da Kano da Katsina ake loda shi a kwantena zuwa Meziko, can su jiƙa su sha da ƙanƙara a gidajen abinci. A Masar da Sudan sunansa karkade, baƙo ake tara da shi. Ayar da ake nomawa a Maraɗi har Sifaniya take zuwa, su ma kunun suke yi da ita. Mu kuma jikokinmu na jin kunyar a gan su da shi.

Ga bazara ba ta zo mana hannu rabbana ba. Lokacin da zafi ya fi tsanani, lokacin ne mangwaro ke zuba har ana rasa yadda za a yi da shi. Ni nakan zaɓi wanda ya nuna luguf, in matse shi ta rariya, in diga lemon tsami, ba ya neman sukari ko kaɗan. Kankana ma haka, da ɗan citta ɗanya. Tsamiya a jiƙa ta da ruwan ɗumi. Kunun aya ne kawai ba ya son wasa. Na taɓa haɗa bokiti guda don sunan jikana, na dogara da firji, aka ɗauke wuta cikin dare, da gari ya waye ya yi tsami har da kumfa. Tun daga nan ba na yin wanda zai wuce yini.

Roƙona ga masu makarantu da hukumomin ilimi shi ne, in ruwan gidajenmu ake tsoro, a tafasa ruwa a makaranta, a kawo zoɓo da abarba, yara su haɗa da hannunsu a gaban malamai. A zamaninmu ba yarinyar da za ta gama firamare ba ta iya kalmasa da sa maɓalli da yin maho ba, kuma mu muka koyar, da allura da ƙyalle kawai, ba da wani kasafin kuɗi ba. Yau riga ta ɗan ɓarke sai a jira mai keke a ka ya wuce. In malamai sun yi ƙaranci, ga mu nan tsofaffi zaune a unguwa, a kira mu ranar Alhamis, ba ma neman albashi.

Kishiyar tawa har yanzu ba ta koma boko da jakar ba, uban ya saya mata ta kanti mai hoton 'yar tsana, zif ɗin har ya fara cijewa. Tawa Islamiyya take zuwa da ita. Shekaranjiya ta zo ta ce in ƙara mata aljihun fensir a gefe. Na ce sai dai ta ɗinka da kanta, na miƙa mata allura. Ta soke yatsa sau biyu, aljihun ya karkace, na bar shi a haka.

Taku,
Wata kaka, malamar makaranta mai ritaya, Kano.