Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Ɗan Aminina Da Ke Amurka Kan Zaɓen Harsashin Magnum

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyalinka.

Ɗana, na ji tambayarka da aka karanta a shirin wasiƙun masu sauraro na gidan rediyo a Birnin Kebbi ranar Juma'ar da ta wuce, inda ka ce tunda na yi shekaru ina aikin likitan dabbobi a gandun namun daji a Afirka ta Kudu, in ba ka shawara. Ka ce wani maƙerin bindiga mai lasisi a jihar da kake aiki zai haɗa maka bindigar farauta daidai da jikinka, ya kuma nemi ka tsayar da harsashi kafin ya taɓa ƙarfe. Ka lissafa huɗu: 7mm Remington Magnum, da .300 Winchester Magnum, da .338 Winchester Magnum, da .375 H&H. Burinka shi ne babbar barewar nan ta duwatsun Wyoming da suke kira elk, in kuma Allah ya hore, ka je Namibiya. Tunda a bainar jama'a ka tambaya, kuma tun ranar maharban Argungu ba su bar ni na huta a bakin kasuwa ba, gara in amsa maka a bainar jama'a.

Shawarata ita ce .300 Winchester Magnum, amma da sharaɗin da zan kawo, wanda ya fi sunan harsashin nauyi a wurina.

Kalmar magnum daga Latin take, ma'anarta babba, kuma girman a kwanso yake, inda ake zuba albarushi. Ka ɗauki tsohon .30-06 na 1906 ka ajiye kusa da .300 Winchester Magnum da ya fito a 1963: kaurin dalmarsu ɗaya ne, kana iya sa musu ƙwaya iri ɗaya mai nauyin giren 180, wato giram 11.7. Na farko yana fitar da ita da gudun wajen mita 820 a daƙiƙa, na biyu wajen mita 900. Ribar ke nan, mita tamanin, kuma ana sayen ta ne da ƙarin albarushi na kusan rubu'i, da ƙarin ƙara, da bututun da wuta ke cinye maƙogwaronsa da wuri, da kuma dukan kafaɗa. Ga wanda ba zai yi harbin da ya wuce mita 250 ba, wannan ciniki ba shi da daɗi, kuma ba kunya ba ne ya tsaya a kan .30-06. Amma kai ka ce dutse da kwazazzabo za ka shiga, inda iska ke kaɗawa, dabbar kuma ba ta barin a matso, kuma namijinta ya kan haura kilo 300, ya fi gwankinmu jiki. A can ƙarin gudun yana da amfani, domin ƙwayar ba ta saurin sunkuyawa, iska ma ba ta kautar da ita sosai.

Yanzu ga sharaɗin. Wata shekara a lardin Limpopo na Afirka ta Kudu wani baƙo ya zo da sabuwar bindiga mai cin .338, marar nauyi, an yi mata ado har da zane a ƙota. Da aka kai shi wurin gwajin saiti, harbi uku ya yi ba wanda ya zauna kusa da ɗan'uwansa, ya ce madubin hangen nesa da ke kan bindigar ne ya kauce a hanya. Jagoran farautar bai yi masa musu ba. Ya karɓi bindigar ya juya baya kamar yana ɗura mata harsashi, ya miƙa masa ita ba komai a ciki. Mutumin nan ya kwanta, ya auna, ya ja kunama, sai muka ji ƙas, amma idonsa biyu a runtse, kafaɗarsa ta zabura gaba, bakin bindigar ya nutse har ya kusa taɓa buhun yashi. Tsoron dukan ya riga ya shiga jikinsa bai sani ba, kuma a girarsa ta dama akwai ɗan tabo mai siffar jinjirin wata, inda madubin ya taɓa sararsa. Aka ara masa wata tsohuwar .30-06 da fentinta ya goge, da ita ya yi farautarsa lafiya har ya koma gida.

Saboda haka, kafin ka ba maƙeri ko sisi, ka ari .300 a wurin wani, ka harba ashirin a zama ɗaya, ka sa abokinka ya yi maka irin wannan dabara. Idan ka runtse ido, to ka sauko zuwa 7mm Remington Magnum, wanda ya fito a 1962 tare da bindigar Remington 700, yana jefa ƙwayar giren 160 da gudun da ya yi daidai da na .300, dukansa kuma bai fi na .30-06 da wani abin a zo a gani ba. Ba a san adadin elk da ya kayar ba. Abin da ya sa ban sa shi a gaba ba shi ne Namibiya: akwai eland, wani babban naman daji dangin gwanki, wanda namijinsa ke kaiwa girman bijimin sa, kuma a kan irin wannan dabba na fi natsuwa da ƙwayar giren 200, wadda .300 ke ɗauka cikin sauƙi, 7mm kuwa yawancin na kanti a giren 175 suke tsayawa.

Shi .338 na 1958 harsashi ne na ƙwarai, sai dai ya tsaya maka a tsakiya, ya fi ƙarfin abin da kake buƙata yau, bai kuma isa abin da za ka so gobe ba. Dokar Namibiya da ƙarfin harbi take aunawa, da ma'aunin da ake kira jul: jul 2,700 ga manyan namun fili irin su kudu da eland, jul 5,400 ga ɓauna da giwa. Na .300 yana ba da wajen 4,700, ya wuce na farko da nisa. Na .338 a bakin iyakar ta biyu yake reto, Tanzaniya kuwa ba ta yarda da abin da ya gaza .375 ga namun da ke kashe mutum.

Game da .375 H&H, ba zan ɓoye maka ba, shi ne abin ƙaunata. Kamfanin Holland & Holland na Landan ne ya fitar da shi a 1912, kuma har yau ba a sauke shi daga kujerarsa ba a dazukan Afirka. Ƙwayar giren 300 da gudun mita 770, ta ishi ɓauna, kuma ba ta lalata naman ƙaramar dabba kamar yadda masu tsananin gudu ke yi. Ɗamarar nan da kake gani a gindin kwanson sauran ukun da ka lissafa, daga gare shi suka gaje ta. Shi yana buƙatarta saboda kafaɗar kwansonsa a zube take, su kuwa gado ne kawai. Amma yana neman gidan harsashi mai tsawon inci 3.6, alhali .300 na shiga na inci 3.34, dukansa ya kusa ninka na .30-06, kuma bindigarsa ba ta hawan dutse ba ce. Ranar da ka tara kuɗin ɓauna, za ka iya tara kuɗin bindiga ta biyu.

Na san maƙerin zai kawo maka zancen sababbi, .300 PRC na 2018 da 7mm PRC na 2022, waɗanda kamfanin Hornady ya fitar ba ɗamara, an tsara su don dogayen ƙwayoyi masu yanka iska. Gaskiya zai faɗa maka, tsarinsu ya fi na tsofaffin. Sai dai mai tafiya yana da lissafin da mai zama a shago ba shi da shi. Jirgin sama ba ya ɗaukar wa fasinja harsashin da ya wuce kilo 5, kuma jaka tana ɓata. Na ga wanda bindigarsa ta iso, jakar harsashinsa ba ta iso ba, irin harsashin kuma babu shi a duk shagunan da aka zagaya, ya yi mako guda yana kallon bindigarsa a jingine. Na .300 Winchester kuwa da wuya ka shiga shagon maharba a Windhoek ta Namibiya ko Polokwane ta Afirka ta Kudu ka rasa shi. Don haka ma kada ka yarda a yanka maka wani ɗaki (mazaunin harsashi a gindin bututu) na musamman da sai da hannu ake ɗura harsashinsa, domin jami'an iyaka suna duba ko abin da aka rubuta a gindin kwanso ya yi daidai da wanda ke jikin bututu.

Ga abin da za ka ce wa maƙerin. Bututu ya kai inci 24 zuwa 26, domin in an gajarta shi albarushin a waje zai ƙone, ka sayi ƙara ka bar gudu. Murɗin tsagar cikinsa ya zama zagaye ɗaya a inci 10, wanda ke riƙe giren 180 da 200 lafiya lau. Nauyinta da madubi da komai kada ya gaza kilo huɗu, ko da zai yi maka kirarin marar nauyi, domin nauyin ne ke shanye dukan. Ƙotar a auna ta da tsawon hannunka kana sanye da rigar sanyi, madubin kuma ya ba girarka tazara. Abin rage duka da ake ɗaurawa a bakin bututu yana aiki, amma yana watsa ƙara gefe, kuma masu bin sawu da ke tsaye kusa da kai su ma suna da kunne. Ƙwayar kuma ka zaɓi mai riƙe jikinta, irin Nosler Partition ko ta jan ƙarfe zalla, saboda mai laushi a gudun magnum tarwatsewa take yi a kan ƙashin kafaɗa, dabba ta tafi da rauni ta mutu a wahale inda ba mai yanka ta. Malamanmu sun halatta abin da aka harba da bisimilla, in an iske shi da rai a yanka, amma ba wanda ya halatta azabtarwa.

Saura maganar 'yan'uwana maharba da suka tare ni suna tambaya ko maƙeranmu za su iya haɗa irinta. Amsa ita ce a'a, ta fuska biyu. Matsin da ke cikin ɗakin .300 yana kaiwa fam 64,000 a kan kowane murabba'in inci, bututun harba-ka-ruga kuwa ba don haka aka yi shi ba. Ina yaro na ga hannun wani maharbi a ƙauyen kakannina da ya ƙara wa bindigarsa albarushi don ya sami gadu daga nesa, yatsu biyu suka rage masa, da su yake riƙe carbi har ya rasu. Sannan Dokar Makamai ta 1959 ta hana ƙera bindiga ko riƙe ta ba izinin hukuma, kuma kowa ya san halin da dazukanmu ke ciki daga Zuru har Ɗansadau, inda yau ba gada ko mariya ake tsoron haɗuwa da su ba. Kai ma, ɗana, bindigarka ta zauna can inda aka yi mata rajista, kada ka yi tunanin zuwa da ita gida.

In ka yi gwajin harbi ashirin ɗin, ka aiko mini da hoton takardar da ka harba, da amsar abokinka kan ko ka runtse ido. Mahaifinka yana gaishe ka, ya ce in tambaye ka ko za ka zo bikin kamun kifi.

Wassalam,
Babanka, daga Argungu.