Wasiƙar godiya ga ma'aikatan kamfanin wuta bayan guguwar dusar ƙanƙara

Zuwa ga shugabanni da ɗaukacin ma'aikatan kamfanin wutar lantarki na yankinmu, musamman masu hawa falwaya da masu amsa waya,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kun huta gajiya, na rubuto ne don in gode muku a bainar jama'a kan aikin da kuka yi mana lokacin guguwar dusar ƙanƙarar da ta wuce. Na so in kira ofishinku in faɗa wa mutum ɗaya, sai na ga waɗanda suka yi wahalar suna da yawa, kuma mafi yawansu ba sa zama kusa da waya. Yaba kyauta tukuici. Mu da muke saurin ɗaga murya idan takardar kuɗin wuta ta zo da nauyi, ya kamata a ji muryarmu ranar da aka yi mana abin kirki.

Wanda bai taɓa ganin irin wannan guguwa ba zai ɗauka dusar ƙanƙara ce kawai ta zuba da yawa. Da ita kaɗai ce, da abin ya zo da sauƙi. Ta fara sauka da danshi da nauyi, tana manne wa rassan bishiya da wayoyi. Daga baya iska mai ɗumi ta ratsa sama, alhali ƙasa na nan da sanyinta, sai abin da ke saukowa ya zama ruwa, yana taɓa waya ko reshe ya daskare nan take. Kafin dare kowace waya ta yi kauri da ƙanƙara. Sannan iska mai ƙarfi ta taso. Waya mai ɗauke da ƙanƙara idan iska ta same ta sai ta riƙa lilo sama da ƙasa har ta bugi 'yar uwarta, ko ta tsinke, ko ta janyo falwayar ta faɗi. Cikin dare muna jin rassa na karyewa kamar ana harbin bindiga, muka ga wani haske mai shuɗi ya walƙa daga wajen taransifomar layinmu, daga nan kuma sai duhu.

Ɗauke wuta a lokacin zafi takura ce. A tsakiyar hunturu kuwa maganar rai ce. Mutane da yawa a daren suka fara sanin cewa na'urar ɗumama gida, ko da gas take aiki, ba ta motsi sai da lantarki, domin fankar da ke tura ɗumin cikin ɗakuna da abin da ke kunna ta duk wuta suke ci. Gida ya fara hucewa a hankali, daga bango zuwa ƙasa. Ruwa idan ya daskare yana kumbura da kusan kashi 9 cikin 100, shi ya sa bututun ruwa ke fashewa a cikin bango, ba a sani ba sai ranar da ya narke. Batirin waya na sauka, hanya ta toshe, ba shiga ba fita. Maƙwabcinmu dattijo ne da ke numfashi da taimakon na'urar iska mai aiki da lantarki, kuma tukunyar iskar da yake ajiyewa saboda irin wannan rana ba mai daɗewa ba ce.

Saboda shi na kira lambarku, kuma godiyata ta farko ta matar da ta ɗauki wayar ce. Muryarta ta dishe, da ji ka san ta daɗe a kan kujerar. Ba ta ce min "muna kan aiki, ku ƙara haƙuri" ta kashe waya ba. Ta tambayi inda muke, ta duba, ta gaya min gaskiya: layinmu ƙaramin reshe ne, ba ya cikin na farko, kuma kada mu sa ran wuta a wannan dare ko washegari. Ta bayyana min yadda ake bin aikin. Ana fara kawar da wayoyin da suka faɗi a kan hanya domin suna iya kashe mutum. Sai manyan layuka masu ɗauko wuta daga nesa da tashoshin rarrabawa, domin in ba su tashi ba, gyaran kowane ƙaramin layi aikin banza ne. Sai asibitoci, gidan ruwa da ofisoshin agajin gaggawa. Sai layukan da gyara ɗaya zai dawo wa dubban gidaje da wuta, sannan ƙananan rassa irin namu, sannan gida-gida. Da na ambaci dattijon, sai ta ce kada mu jira kamfani, mu kira masu agajin gaggawa yanzu, ta kuma faɗa min wurin ɗumi mai janareto mafi kusa da aka buɗe wa jama'a.

Ba labari ne mai daɗin ji ba, amma shi ya taimake mu. Da ta lallashe ni da cewa wuta na nan tafe, da mun zauna muna duban agogo har iskar bawan Allah ta ƙare. Saboda ta faɗi gaskiya, aka fitar da shi da sauran lokaci, kuma yau yana gidansa lafiya. A ganina wannan ne abu mafi daraja da ofishi zai ba mutane a lokacin masifa: ya gaya musu ainihin halin da ake ciki, ko da ba za su so ji ba, don su san shawarar da za su yanke. Saƙonnin da kuka riƙa turowa ta waya ma haka suke. Lokacin da kuka ga ba za ku cika wa'adin da kuka sa ba, kun aiko kun ce ya canza, kun faɗi dalili.

Sai masu aikin layi. Na tsaya a bakin taga na kalli ayarin da ya zo layinmu, daga baya na fita na matsa kusa gwargwadon yadda suka yarda. Kafin kowa ya hau sama sai da suka gwada wayar suka tabbatar babu wuta a jikinta, suka ɗaure ta da wata waya zuwa ƙasa, duk da cewa unguwar gaba ɗaya a duhu take. Wanda ya shiga kwandon motar aka ɗaga shi sama yana sanye da safar hannu ta roba mai kauri, da ta fata a kanta. Da waɗannan hannaye yake kama ƙananan kusoshi da ƙanƙara ta lulluɓe, yana farfasa ta da guduma kafin ya samu ya kwance su. Gemunsa ya yi fari fat da ƙanƙarar numfashinsa. Da iska ta ƙara ƙarfi sai shugabansu ya sa aka sauko da shi, suka jira ta lafa, ya sake hawa. Ban ji ya yi gunaguni ba. Da ya sauko na ce masa sannu da aiki, sai ya tambaye ni ko akwai yara a gidanmu, ko suna da isassun barguna. A irin wannan aiki sukan yi awa 16 a rana, su kwanta kaɗan su koma, kuma da yawansu nasu iyalan ma suna cikin duhu.

Akwai abin da ya faru a wurin da nake so kowa ya sani. Ɗaya daga cikinsu ya ji ƙarar janareto a wani gida, ya dakatar da aikin, ya je ya ƙwanƙwasa ƙofa. Ashe mai gidan ya jona janareton kai tsaye da wayoyin gidansa ba tare da ya raba gidan da layin kamfani ba. Idan aka yi haka wutar kan koma baya ta bi ta taransifoma, wadda za ta ɗaga ƙarfinta zuwa dubban volt a kan wayar da ma'aikaci ke riƙe da ita yana zaton matacciya ce. Mutumin da aka sa ransa cikin haɗari bai yi faɗa ba, bai wulaƙanta mai gidan a gaban iyalinsa ba. Ya nuna masa abin da zai kashe, sannan ya ga janareton na bakin gareji, ya taya shi jan sa zuwa fili. Ya gaya masa hayaƙinsa na ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana kashe mutane cikin barci, don haka a ajiye shi aƙalla mita 6 daga gida, nesa da ƙofa da taga. Haka nan gawayi ko murhun gas ba abin ɗumama ɗaki ba ne. Mai yiwuwa wannan ƙwanƙwasa ƙofa ta ceci gida guda.

Ba na ɗaukar wannan da wasa, domin an ga yadda irin wannan guguwa ke ƙarewa a wasu wurare. A watan Janairun 1998 irin wannan ruwa mai daskarewa ya yi kwanaki yana zuba a gabashin Kanada, kaurinsa ya kai kusan milimita 100 a wasu yankunan lardin Kebek. Hasumiyoyin ƙarfe kusan 1,000 na manyan layuka suka durƙushe, miliyoyin mutane suka shiga duhu, wasu har kusan wata guda, sai da gwamnati ta fito da sojoji fiye da 15,000. A watan Fabrairun 2021 kuma sanyi ya afka wa jihar Teksas ta Amurka, rijiyoyin gas da tashoshin samar da wuta suka daskare a daidai lokacin da kowa ke neman ɗumi. Gidaje da wuraren kasuwanci fiye da miliyan 4 da rabi suka rasa wuta, hukumar ERCOT mai kula da layukan jihar ta ce saura minti 4 da daƙiƙa 37 tsarin gaba ɗaya ya durƙushe, kuma hukumar lafiyar jihar ta ƙidaya mutum 246 da suka rasu. Mafi yawansu sanyi ne ya kashe su, wasu kuma iskar gubar nan ce ta janareto ko motar da aka bari a kunne cikin gareji. Duk awar da kuka rage mana ta duhu, daga irin wannan lissafi kuka cire ta.

Na lura wasu motocin da suka yi aiki a unguwarmu ba tambarinku ne a jikinsu ba. Na tambaya aka ce ma'aikatan wasu kamfanoni ne daga nesa, ƙarƙashin yarjejeniyar taimakon juna da kamfanonin wuta ke yi, kuma kun kira su tun guguwar ba ta iso ba, da masu hasashen yanayi suka yi gargaɗi. Wannan hangen nesa ya cancanci yabo. Mutanen nan sun tuƙo manyan motoci a kan hanya mai santsi zuwa garin da ba su san kowa ba, suka yi aiki kamar don 'yan uwansu. Haka masu sare bishiya da ke gaba da zarto suna buɗe hanya, da masu duba ɓarna da suka bi layuka a ƙafa cikin dusar ƙanƙara har gwiwa, da masu sito da suka riƙa fito da falwaya da taransifoma cikin dare. Ba a ganinsu a hoto, amma in babu su mai hawa sama ba shi da abin ɗaurawa.

Ko lokacin dawo da wutar ma kun yi tunani. Kun aiko saƙo cewa mu kashe manyan kayan wuta mu bar ƙwan lantarki ɗaya a kunne, domin idan na'urorin ɗumama gida na unguwa gaba ɗaya suka tashi lokaci guda bayan doguwar ɗaukewa, nauyin kan sake kayar da layin. Muka bi, wutar ta zo ta zauna. Wani gida a ƙarshen layinmu bai samu ba saboda wayar da ke shiga gidan ta tsinke daga bango. Ayarin bai wuce ya bar su suna kallon hasken maƙwabta ba. Shugabansu ya je ya bayyana musu ɓangaren da kamfani zai gyara da ɓangaren da sai sun nemo mai gyaran wuta, ya kuma rubuta gidan don a dawo, kuma an dawo.

Na san akwai waɗanda suka fi mu daɗewa cikin duhu, musamman na ƙauyukan gefe, da waɗanda bututu ya fashe musu ya lalata gida, kuma ɓacin ransu yana da dalili. Wannan wasiƙa ba ta share asararsu ba. Ina da roƙo biyu, kuma ina yin su ne saboda na ga ku mutane ne masu saurare. Ku ƙara yawan sassabe rassan da ke kan wayoyi tun da rani, domin rassa ne suka yi mafi yawan ɓarnar da na gani a unguwarmu. Sannan ku yayata rajistar masu amfani da na'urorin asibiti a gida. Iyalan dattijon nan ba su san kuna da ita ba sai da matar nan ta faɗa, kuma na tabbata irinsu na da yawa.

Don Allah ku isar da wannan godiya ga kowane ayari, har da baƙin da suka riga suka koma garuruwansu, da matar da ta amsa wayata, da iyalan da suka kwana da fargaba mazajensu da 'ya'yansu na kan falwaya cikin iska. Idan kamfani na da wata hanya ta karrama ma'aikata, waɗannan sun cancanta. Allah ya saka muku da alheri, ya tsare ku a bakin aikinku, ya mayar da kowannenku gida lafiya.

Naku da girmamawa,
Wani mai amfani da wutarku, a madadin iyalinsa da maƙwabtansa